Furar Damargu: Ɗanɗanon da ke farawa tun daga zangarniya

Idan aka miƙa wa dattijuwa a Tanut ƙwaryar fura, ludayi ɗaya ya ishe ta ta gane ko hatsin na bana ne ko na bara, ko nonon na saniya ne ko na akuya, ko a turmi aka daka ko inji ne ya niƙa. Matashin da ya sayi furar roba a Yamai ko Kano kuwa, abin da yake tambaya kawai shi ne ko da sanyi.

A ƙasar Fotugal, manoman inabi sun mayar da irin wannan sani dukiya. Tun 1756 aka shata iyakar yankin Douro, kuma har yau kwalabe da dama na ɗauke da sunan inabin da aka matse, kamar Touriga Nacional ko Alvarinho, da yankin da ya fito, da shekarar girbi, da abincin da ya dace da shi. Giya haramun ce ga Musulmi, ba ita ce abin koyi ba. Abin lura shi ne yadda sunan iri da sunan ƙasa ke ɗaga darajar gumin manomi.

Damargu, wato gundumomin Tanut da Belbeji a jihar Damagaram, tana da irinta da ƙasarta. Sunan ne bai kai kasuwa ba.

Rumbun Azbin

Tun zamanin fatake, Damargu ce ke ciyar da Azbin. Ayarin raƙuman Buzaye kan sauko da gishiri da dabinon Bilma da Fachi, su koma da hatsi. Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa yankin a watan Janairun 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano.

Wannan noma ana yin sa ne a bakin hamada, inda damina gajera ce, ruwan shekara kuma sau da yawa ba ya wuce milimita 300. Gero mai jinkirin nuna, irin maiwa, ba ya kai labari a nan.

Shi ya sa manoman yankin suka riƙe Ankutes, gero mai gajeren kai mai kauri, wanda ke jure ƙarancin ruwa. Ya bambanta da Zango na wajen Maraɗi mai doguwar zangarniya, da Haini Kire na ƙasar Zabarmawa, wanda daga gare shi aka fitar da irin HKP da ya bazu a Nijar.

Abin da harshe ke ji

Iri mafari ne kawai. Sabon hatsi yana da ƙamshi da zaƙi-zaƙi, wanda ya shekara a rumbu kuwa yakan ɗan yi lami. Idan aka yi surfe sosai aka wanke dusa tas, fura takan fito fara mai laushi. Idan aka rage surfen, sai ta yi duhu da nauyi, ta fi riƙe ciki.

Sai kayan yaji: citta, kanumfari, masoro da barkono. Hannun da ya san aiki yakan sa su daidai yadda za su taso a maƙogwaro ba tare da sun danne ƙamshin hatsin ba. Bayan an dafa dawo aka kirɓa, ana son ya yi danƙo, ya narke a nono ba gudaji.

Me ake haɗa ta da shi?

Kindirmo mai kauri ya fi dacewa da fura mai yaji, domin maiƙonsa na kwantar da zafin citta. Tsala mai tsami ita ce ta tsakar rana a gona, don kashe ƙishi. Nonon akuya na da ƙarfin ƙamshi, don haka ya fi son dawo mai nauyi.

Buzaye na da tasu, eghajira, inda ake daka gero da cuku da dabino a dama da ruwa. Zaƙin dabino da ɗan tsamin cuku ne ke sa matafiyi ya wuni a kan raƙumi bai nemi wani abinci ba. Shi kansa cuku, abokinsa na asali shi ne shayi mai ɗaci, kofin farko.

Abin da ake gudu

Gero shuka ce da iska ke kai barbarar wata gona zuwa wata, don haka iri na saurin gauraya. A shekarar fari, manomi yakan cinye irin da ya ajiye, idan ruwa ya sauka ya shuka abin da ya samu a kasuwa ko a buhun tallafi. Da haka tsohon iri ke salwanta a hankali.

A kasuwa ma, hatsin da ya bar Bakin Birji ko Belbeji cikin buhu ya zama hatsi kawai. Tiyar Ankutes da ta kowane gero kuɗinsu ɗaya, don haka manomi ba shi da ribar wahalar tace iri.

Nijar ta riga ta san mafita. Kilishin ƙasar da albasar Galmi sun samu rajistar kare suna daga OAPI, hukumar kare mallakar fasaha ta Afirka. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2023 a matsayin shekarar gero ta duniya, abin da ya ƙara jawo hankalin masu saye gare shi.

Kafin a kai ga rajista, akwai abin da ke hannun matasa masu sana'ar fura a birane: su sayi hatsi daga manoman da suka sani, su rubuta sunan iri da garin da ya fito a jikin roba. Ɗan Damargu da ke ci-rani a Aljeriya ko Libiya, idan zai aika a kawo masa garin fura daga gida, ya tambayi wane gero ne aka daka. Ranar da mai saye ya fara tambayar Ankutes da sunansa, manomi zai samu dalilin ware masa wuri a rumbu.