Sarrafa Ruwan Yazawa a Gida: Jagora ga Mai Farawa

Manomi, idan ka zaga gonakin yazawa a Nasko da sauran ƙauyukan ƙaramar hukumar Magama tsakanin watan Fabrairu da Mayu, za ka tarar an cire ƙwallo an kai kasuwa, an bar tsokar tana ruɓewa a gindin bishiya. Alhali nauyin tsokar ya ninka na ƙwallon sau biyar ko fiye, sinadarin bitamin C da ke cikinta kuma ya ninka na lemun zaƙi kusan sau biyar. Wannan asara ce da za ka iya magancewa da kayan da ke cikin gidanka.

A Ingila da Faransa ana matse tuffa a bar ruwanta ya koma giya, ana kiran ta saida. A Amurka kuwa sunan ya haɗa da ɗanyen ruwan tuffa wanda ba ya bugarwa. Tuffa ba ta yi a ƙasa mai zafi irin tamu, amma yazawa tana maye gurbinta. A jihar Piyawi ta arewa maso gabashin Birazil, yankin da yazawa ta samo asali, an daɗe ana yin kajuwina, wato tataccen ruwan yazawa marar barasa. Irinsa za ka koya a nan. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Koko da ke Ibadan ce ke da alhakin bincike a kan yazawa.

Matsaloli biyu

Ta farko ita ce bauri. Wani sinadari mai suna tanin ne ke jawo shi, shi ne kuma ke sa maƙaƙi a maƙogwaro. Ta biyu ita ce tsimuwa. A jikin ɓawon akwai ƙwayoyin yis da ido ba ya gani, waɗanda ke cin sukarin ruwan su mayar da shi barasa da iska. A zafin bazara wannan kan fara cikin yini guda. Saboda haka aikinka duka shi ne ka rage baurin, ka kashe yis kafin ya fara aiki.

Kayan aiki

Ka tanadi bokitin roba mai tsabta, wuƙar da ba ta tsatsa, farin ƙyallen tata, babbar tukunya, kwalaben gilashi masu murfi mai kamawa, sitacin rogo da lemun tsami. Ka guji wuƙa ko mazubi na baƙin ƙarfe, domin tanin yana haɗuwa da ƙarfe ya baƙanta ruwan. Ka sa tsofaffin tufafi, tabon yazawa ba ya fita da wanki.

Matakan aiki

1. Ka tsince yazawar da sassafe, ka zaɓi nunanniya marar rauni, ka sarrafa ta a ranar. Wadda ta kwana a ƙasa ta fara tsami, ba ta cikin lissafi.

2. Ka murɗe ƙwallon ko ka yanke shi da zaren nailan. Kada ka fasa shi, domin man da ke cikin ɓawonsa yana ƙona fata.

3. Ka wanke tsokar da ruwa mai tsabta, ka turara ta kamar minti 5. Turarawar tana rage bauri, tana kuma sauƙaƙa matsa.

4. Ka yayyanka, ka matse a cikin ƙyalle. Kilo 10 na tsoka kan ba da kimanin lita 5 zuwa 6 a matsar hannu.

5. Ga kowace lita, ka dama giram 2 na sitacin rogo, wato ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi, a ɗan ruwa. Ka dafa shi kamar koko, ya huce, ka zuba ka motsa. Sitacin zai kama tanin su kwanta a ƙasa. Ka ajiye mazubin a firji ko a cikin ruwan sanyi na 'yan sa'o'i, kada ya kwana, sannan ka tsiyaye na sama a hankali. A Birazil jelatin ake sawa, amma da yake ana samun mai yawa daga cikinsa a fatar alade, sitaci ya fi dacewa da mu.

6. Ka matsa rabin lemun tsami a kowace lita. Tsamin yana daɗa ɗanɗano, yana kuma hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa.

7. Ka tafasa kwalabe da murafensu na minti 10. Ka ɗumama ruwan yazawar har ya kusa tafasa, ka ɗura da zafinsa, ka bar sarari kamar faɗin yatsu biyu a wuya, ka rufe.

8. Ka shimfiɗa ƙyalle a gindin tukunya, ka jera kwalaben, ka zuba ruwan zafi ya shanye su, ka tafasa na minti 30. Ka bar su su huce a ciki. Idan ka tsoma kwalba mai zafi a ruwan sanyi, za ta fashe.

Gargaɗi

Ka ajiye kwalaben a inuwa, ka rubuta ranar da aka yi su. Idan ka ga kumfa na tasowa, ko murfi ya kumbura, ko ka ji huci da warin giya a lokacin buɗewa, tsimuwa ta shiga. Ka zubar, kada ka sha, kada ka sayar. Kwalbar da aka buɗe kuwa a shanye ta a ranar, in ba akwai firji ba. Wanda zai kai kayansa kanti da suna a jiki sai ya nemi rajistar hukumar NAFDAC.

Kira ga malaman gona

Ku gwada wannan aiki a gaban manoma da ƙungiyoyin mata tun farkon kakar yazawa, domin gani ya kori ji. Kai kuma mai farawa, ka soma da lita 2 ko 3, ka ajiye kwalba ɗaya ta yi mako biyu kana duba ta. Idan ta zauna garau babu kumfa, hannunka ya faɗa, sai ka ƙara yawa.