Kafa ƙusa a bangon siminti ba tare da rauni ba

A yau gine-ginen siminti sun yawaita a garuruwanmu: bankin cimaka, ɗakin shan magani, ajin yaƙi da jahilci. A bangon ƙasa muna kafa ƙusa da bugu biyu. A bangon siminti kuwa sai ta lanƙwashe, ko ta karye ta yi tsalle zuwa ido.

Dalili shi ne, siminti yana ƙara tauri kullum. Bayan kwana 28 da zuba shi, ya zama tamkar dutse. Ƙusar katako ba ta iya shiga. Sai mu nemi ƙusar siminti, gajera mai kauri, wadda aka yi da ƙarfe mai tauri. Amma taurin nan ne ke sa ta karye idan aka buge ta a karkace.

Ga yadda ya kamata mu yi. Mu zaɓi tsakanin tubali biyu, domin wurin ya fi laushi. Mu nisanci bakin bango da kamar santimita 10, kada ya ɓantare. Kada mu kafa ƙusa saitin makunnin lantarki, sama ko ƙasa, domin ta nan waya take bi. Mu riƙe ƙusar da awartaki, mu sa tabarau, mu kori yara daga wurin. Mu buga a miƙe, a hankali.

Idan za mu rataya abu mai nauyi, kamar sikelin awon hatsi, sai mu huda rami tukuna. Inda babu injin huji, ƙarfe mai tsini da guduma sun isa. Bayan kowane bugu, mu ɗan juya ƙarfen. Mu yayyafa ruwa, mu rufe hanci da ƙyalle, gama ƙurar siminti tana lalata huhu. Idan mun ci karo da ƙarfen cikin gini, mu canza wuri.

Wanda ƙusa ta soke shi ya wanke raunin da ruwa da sabulu, ya tafi likita a ranar domin allurar rigakafin tetanos, cutar da ke sandare jiki, take kuma kisa. Ɓarɓashin da ya soki ido, kada mu murza, kada mu cire da kanmu. Mu rufe idon, mu garzaya likita.

Ƙusa tana da arha, amma ido ba a sayensa a kasuwa. Rigakafi ya fi magani.