Ina Ake Ɗaura Igiyar Jirgin Ja?

Kawuna kafinta ne a unguwar Dawaki, cikin garin Gombe. A hutun bara wani masunci ya ba shi aikin ƙaramin jirgi mai inji, wanda zai riƙa jan kwale-kwale a madatsar ruwa ta Dadin Kowa, kan kogin Gongola. Kawu ya samo zanen irin jiragen nan masu jan manyan jiragen ruwa a tashar Apapa, ya ce, "Ɗana, tunda Hausa kake karantawa, fassara mini bayanin." Ni kuwa Teranci na buɗi baki da shi, don haka gabana ya faɗi.

Sunan ma sai da na yi gumi kafin na ce "jirgin ja". Sauran ba wuya: farfela, ƙugiya, da tsofaffin tayoyin da ake ratayawa a gefe don kada jirage su gwabza juna.

Mazaunin ƙugiya ne ya kayar da ni. Na ɗauka a can wutsiyar jirgi ake ɗaura igiya, kamar jan mota, sai kawai na rubuta "baya". Ashe zanen cewa ya yi kaɗan bayan tsakiya, kuma ƙasa-ƙasa. Dalili kuwa, da wutsiya jirgi ke juyawa. In igiya ta riƙe ta, matuƙi ba zai iya karkata shi ba. In kuma ƙugiyar ta yi sama, igiya ta fizgo ta gefe, jirgin kifewa zai yi da mutanen ciki. Shi ya sa ake faɗaɗa cikinsa, a tara nauyinsa a ƙasa.

Kawu ne ya dubi hoton, ya dubi takardata, ya ce in sake karantawa.