Garin tarwada a Amurka: wa ke cin tallafin gwamnati?

Sau da yawa idan na tambayi matashi me ya hana shi fara kiwon kifi, sai ya ce yana jiran tallafi, wai ai a Amurka gwamnati ce ke riƙe da manomi. To bari mu leƙa can mu gani.

A jihar Misisipi akwai gundumar Humfiris, karkara ce sosai, babban garinta Belzoni. A 1976 gwamnan jihar ya yi mata kirari da babban birnin tarwada na duniya, saboda yawan tafkunan kiwon da ke wurin. Suna kuma noman auduga da masara da waken suya.

Ga yadda kuɗin ke zuwa. Ma'aikatar gona tana da ofisoshi a gundumomi. Manomi zai je ya yi rajista, a ba gonarsa lamba, a rubuta eka nawa ce da abin da aka saba shukawa a cikinta. A dokar gona ta 2014 an yanka wa masara farashi: dala 3.70 kan ma'auninsu mai cin kimanin kilo 25. Idan matsakaicin farashin shekara ya faɗi ƙasa da haka, gwamnati ta cike gibin a kan kashi 85 cikin 100 na ekokin da aka rubuta. Akwai kuma tsarin da ke duba abin da gunduma baki ɗaya ta samu, idan ya yi ƙasa a biya. Ka ga ke nan mai eka dubu shi ke kwasar mai tsoka, mai eka ashirin ya samu ɗan abin sawa a aljihu.

To ina mai tarwada? Ba ya cikin wannan jerin, haka ma mai kaji. Hatsi da irin su waken suya da gyaɗa ake biya wa. Abin da mai kifi ke samu agaji ne idan bala'i ya faɗa, ko taimako na lokaci ɗaya, kamar dala miliyan 50 da aka ware a 2009 don rage wa masu kiwon kifi na ƙasar zafin tsadar abinci.

Wannan tsadar ce ta karya su. A 2007 da 2008 masara da waken suya suka yi tashin gwauron zabi, ga kifi mai araha yana shigowa daga Biyetnam. Da yawa suka zubar da ruwan tafkunansu suka shuka waken suya a ciki. A farkon shekarun 2000 Misisipi tana da sama da eka 100,000 na tafkunan tarwada, yau ko rabin haka babu. Agajin ya zo, amma bai dawo da tafkunan ba.

Shawarata biyu ce. Ta farko, ka yi lissafinka kamar babu wanda zai ba ka ko sisi. Abinci ne ke cin fiye da rabin kuɗin kiwon tarwada da kaji, kuma tushensa masara da waken suya ne, a can da nan duka. Kafin ka sayi 'ya'yan kifi, tambayi kanka: idan buhun abinci ya ƙara kashi 30, zan fita?

Ta biyu, ka riƙe littafi. Ko a Amurka wanda ke da rajista da rubutaccen tarihin gona shi ake biya. Rubuta ranar zuba kifi, adadinsu, buhun da suka ci, waɗanda suka mutu, da kilon da ka sayar. Ka shiga ƙungiya mai rajista. In tallafi ya zo ya same ka a shirye, in bai zo ba kiwonka na tafiya.

Allah ya sa albarka a nema.