Idan katafila ta ƙi gaba ko baya: abin dubawa kafin a kwance giya

A Hawata, garin da ke bakin kogin Rahad a jihar Gadarif ta Sudan, inda Hausawa da dama ke noman dawa da riɗi, aikin katafila yana da ƙayyadadden lokaci. Share gonaki da yashe hafir, wato tafkin tara ruwan sama, dole a gama su kafin damina ta kankama a watan Yuli, domin da zarar baƙar lakar yankin ta sha ruwa, hanyoyi sun yanke. Ga shi kuma tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 kayan gyara suka yi tsada. Saboda haka mai katafilar da ta ƙi shiga gaba ko baya bai kamata ya yi gaggawar kwance akwatin giya ba.

A irin waɗannan injuna, mai ne ke canja giya. Famfo yana zuƙo shi ta rariya, ya tura shi ta filta zuwa bawul. Idan direba ya motsa hannun giya, bawul sai ya aika man zuwa kulocin gaba ko na baya, ƙarfinsa ya matse faifan. In ƙarfin ya ragu, injin na ruri amma katafila na tsaye.

Tambaya ta farko: duka biyun ne suka ƙi, ko ɗaya? In duka ne, a nemi laifin a abin da suke tarayya a kai: ƙarancin mai, toshewar rariya ko filta, gajiyar famfo, ko bawul mai daidaita ƙarfin mai. In ɗaya ne kawai, da wuya laifin famfo ne. A fara da sandunan da suka haɗa hannun giya da bawul, don sukan saki ko su lanƙwashe. In lafiyarsu lau, sai zargi ya koma kan robar fistan ko faifan kulocin wannan ɓangaren.

Ta biyu: yaushe take yi? Wadda ke aiki da safe amma ta mutu da rana tana yoyo ne daga ciki, domin mai in ya yi zafi yakan tsinke ya sulale ta robar da ta cinye. Wadda ke nawa da sanyin safiya ta warware daga baya, galibi mai ne ya yi kauri ko filta ta toshe.

Ta uku: yaya man yake? Kumfa na nuna iska na shiga ta bututun zuƙo mai. Launin madara ruwa ne. Warin ƙuna da baƙi alamar faifai sun ƙone. A yanka tsohuwar filta a duba. Ɓarɓashin ƙarfe na nufin a dakatar da aiki nan take. A kuma guji zuba man inji a madadin wanda kamfani ya ƙayyade, kamar TO-4 na Caterpillar, don man da bai dace ba yakan sa kuloci santsi.

Bayan wannan sai makaniki ya ɗaura ma'aunin ƙarfin mai, ya auna a gaba da baya, ya gwada da adadin da ke littafin injin. Wannan awon ne zai nuna ko buɗe akwatin ya zama dole.

Kafin kowane dubawa, a sauke cebur ƙasa, a ja birki, a kashe injin. Kada a laluba yoyo da hannu, mai mai ƙarfi yana huda fata. Kuma katafilar da ta fara santsi, kada a matsa mata don a ƙarasa aikin yini: gyaran da zai tsaya a filta sai ya koma sayen kuloci gaba ɗaya.