Abincin Ƙudan Zuma da Bazara

Mu masu amya a Agye, Gazawa da Gidan Rumji, mu lura. Da garin fure ƙudan zuma suke ciyar da ƴaƴansu. Gawo yana ba su shi bayan damina, amma da bazara fure yakan yi ƙaranci. In muka ga sun yanyame dusa a gindin turmi, yunwa ce. Sarauniya takan rage ƙwai, har su bar amya.

Mu toya waken soya, mu niƙa shi lilis, mu zuba kaɗan a faifai cikin inuwa kusa da amya. Kada ya jiƙe, don zai yi fumfuna. Waken da aka sa wa maganin ƙwari kuwa, kashe su yake yi.