Tseren Birazil na 2008: Yadda maki ɗaya ya raba Hamilton da Massa

A tarihin gasar tseren motoci ta Formule 1, wadda aka fara a 1950, da wuya a sami rana irin Lahadi 2 ga watan Nuwamba na 2008. A wannan rana ce aka yi tseren ƙarshe na shekarar a filin Interlagos da ke birnin Sao Paulo na ƙasar Birazil, inda matuƙa biyu suka shiga da fatan zama zakaran duniya: Lewis Hamilton ɗan Ingila mai tuƙa wa kamfanin McLaren, da Felipe Massa ɗan gida mai tuƙa wa Ferrari.

Ga mai karatu da bai saba da wannan wasa ba, motocin Formule 1 ba irin waɗanda muke gani a kan titi ba ne. Kujera ɗaya gare su, tayoyinsu a fili suke babu abin da ya rufe su, kuma gudunsu yakan zarce kilomita 300 a awa. Akan yi tsere a ƙasashe dabam-dabam, ana tara maki, wanda ya fi yawa a ƙarshen shekara shi ne zakara. A tsarin wancan lokacin na ɗaya yana samun maki 10, na biyu 8, na uku 6, na huɗu 5, na biyar 4, na shida 3, har zuwa na takwas mai maki 1.

Hamilton ya isa Birazil da maki 94, Massa kuma da 87. Ke nan ko da Massa ya lashe tseren, ya ishi Hamilton ya zo na biyar. Amma idan ya faɗo na shida, za su yi kunnen doki da maki 97, sai a duba wanda ya fi yawan nasara, kuma a nan Massa zai yi rinjaye da nasara 6 a kan 5. Abin da ya ƙara wa Hamilton fargaba shi ne, a wannan fili ne kambun ya suɓuce masa a 2007, lokacin da Kimi Raikkonen ya doke shi da maki ɗaya tak.

Massa ne ya fi kowa sauri a gwajin ranar Asabar, don haka shi ya tashi a sahun gaba, Hamilton kuma a na huɗu. Ana dab da farawa sai ruwan sama ya kece, aka jinkirta tashi da minti goma. Tun a zagayen farko David Coulthard, wanda tseren ban kwana yake yi, ya yi karo ya fita. Daga nan hanya ta bushe, Massa ya riƙe gaba, Hamilton kuwa yana lallaɓawa tsakanin na huɗu da na biyar, ba ya neman fitina da kowa.

To, amma ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Tseren zagaye 71 ne, kowane zagaye kilomita 4 da ƴan mitoci 309. Saura zagaye bai kai goma ba ruwa ya dawo. A nan ne lissafi ya rikice, domin tayar busasshiyar hanya ta fi gudu muddin kwalta ba ta jiƙe ba, amma da zarar ruwa ya kwanta sai ta riƙa zamewa, yayin da tayar ruwa ke da zane mai zurfi da ke watsar da shi gefe. Sauya taya kuma yana cin daƙiƙoƙi masu tsada. Na gaba-gaba duk suka shiga wurin makanikansu suka sauya, sai dai kamfanin Toyota ya yi kasada ya bar Timo Glock ɗan Jamus a kan tayarsa, abin da ya ɗaga shi zuwa na huɗu.

Saura zagaye biyu da ɗoriya Hamilton ya buɗe a wata kwana, Sebastian Vettel na Toro Rosso ya wuce shi. Hamilton ya koma na shida, wato kambu ya bar hannunsa. Massa ya tsallake layin ƙarshe a matsayin na ɗaya, ƴan kallo suka ɓarke da sowa, mahaifinsa da ma'aikatan Ferrari suka rungumi juna. Abin da ba su lura ba shi ne ruwan ya ƙaru, motar Glock ta kasa riƙe hanya. A kwanar Junção, kafin hawan da ke kai wa ga layin ƙarshe, Vettel da Hamilton suka wuce shi. Murnar Ferrari ba ta kai daƙiƙa 40 ba.

Sakamakon ya kasance kamar haka: Massa na ɗaya, Fernando Alonso na Renault na biyu, Raikkonen na uku, Vettel na huɗu, Hamilton na biyar, Glock na shida, Heikki Kovalainen na bakwai, Jarno Trulli na takwas. Hamilton ya tashi da maki 98, Massa da 97. Ferrari ta samu kambun kamfanoni da maki 172 a kan 151 na McLaren. Hamilton, wanda asalin mahaifinsa daga tsibirin Giranada yake, ya zama baƙar fata na farko da ya lashe gasar, yana da shekara 23, kuma mafi ƙuruciya a lokacin, kafin Vettel ya karɓe wannan matsayi a 2010. Massa ya hau dandamali yana hawaye yana bugun ƙirji a gaban mutanensa, bai zargi kowa ba. Glock kuwa ya sha zagi na shekaru daga masu cewa da gangan ya ba da hanya, alhali abokin aikinsa Trulli, mai irin tayarsa, shi ma haka ya rage gudu a wannan zagaye.

Sai dai maganar ba ta mutu a nan ba. A 2009 asiri ya tonu cewa a tseren Singafo na Satumbar 2008 shugabannin Renault ne suka umurci Nelson Piquet ƙarami ya buga motarsa da bango don Alonso ya amfana. Massa ne ke gaba a lokacin. Cikin rububin da ya biyo baya ya ja mota da bututun mai a maƙale, ya ƙare na 13 babu maki, Hamilton kuma ya kwashi 6. Bayan da tsohon shugaban harkar, Bernie Ecclestone, ya faɗa a wata hira a 2023 cewa sun san da maguɗin tun a 2008, Massa ya shigar da ƙara a babbar kotun Landan a Maris na 2024, yana neman diyyar kimanin fam miliyan 64, abin da ya doshi miliyar 50 na kuɗin CFA.

Daga wannan rana hanyoyin mutanen biyu suka rabu. Massa ya ji mummunan rauni a ka a Hangari a 2009, ya dawo, amma bai sake lashe tsere ba har ya bar Formule 1 a 2017. Hamilton ya tara kambu 7, daidai da Michael Schumacher, kuma a 2025 ya koma Ferrari, kamfanin da ya hana wa murna a Interlagos. Birazil kuwa, rabonta da zakaran duniya tun Ayrton Senna a 1991.